Yadda Za Ka Kare Haƙƙinka Idan Ana Shirin Sallamarka Daga Aiki Kana Doguwar Jinya

A makonnin farko na ciwo kowa na kirki ne. Abokan aiki su yi ta aiko da sannu, shugaba ya ce ka kwanta ka huta, kada ka damu da komai. Da jinya ta haura wata uku ko huɗu sai murya ta fara sauyawa. A fara tambayar yaushe za ka dawo, a ƙara tambaya, daga nan wata takarda ta iso ana gayyatarka zama "domin duba matsayin aikinka". Mai ciwon ƙoda, ko ciwon daji (kansa), ko shanyewar ɓarin jiki, ko matsanancin ciwon damuwa, da ƙyar yake da ƙarfin tashi zaune, balle na jayayya da ma'aikata guda. A irin wannan hali ne mutane da yawa suke sakin haƙƙin da doka ta riga ta ba su.

Gara a faɗi mai ɗacin tun yanzu: ana iya sallamar mai jinya, kuma doka ta amince da hakan idan an bi hanya. Abin da dokokin ƙwadago suka hana shi ne a yi ta da ka. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982, ta ce a sashe na 4 ba a sallamar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili, a sashe na 6 kuma ta ce rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba ingantaccen dalili ba ne. Sai dai ta bar wa kowace ƙasa ta fayyace iyakar wannan "ɗan lokaci", kuma ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba. Don haka rigimar takan tsaya ne a kan tambayoyi biyu: har yaushe ya kamata wurin aiki ya jira ka, kuma me ya gwada kafin ya ce ya gaji da jira? Duk matakan da ke ƙasa shiri ne na amsa waɗannan biyun.

Fara da tattara takardunka, tun ba a ce komai ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemo takardar ɗaukarka aiki, da kwantiragi, da kundin ƙa'idojin ma'aikata, da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da wurin aikin idan akwai, da takardun albashi na watannin baya, da duk takardar hutu da likita ya ba ka. Ka ajiye kwafinsu a gida ko a imel ɗinka na kanka. Ranar da aka sallami mutum ake rufe masa imel ɗin ofis, wani lokaci ma kafin takardar ta iso hannunsa. Amma ka tsaya a kan abin da ya shafe ka kaɗai. Kwashe bayanan sirrin kamfani zai ba su dalilin korar da ba su da shi a da.

Cikin takardun nan ka nemi abu uku: tsawon hutun jinyar da aka yarda da shi, yawan albashin da ake biya a cikinsa, da matakan da aka ce za a bi kafin a sallami mai doguwar jinya. Na ukun nan shi ya fi tsada. Ma'aikatu da yawa suna rubuta wa kansu ƙa'ida mai kyau sannan su tsallake ta, kuma alƙalai ba sa son ganin wanda ya karya dokar da ya shimfiɗa da hannunsa.

San wa'adin da dokar inda kake aiki ta ɗiba maka

Nan bambancin ƙasashe yake da faɗi ƙwarai. A Holan, mai wurin aiki zai ci gaba da biyan aƙalla kashi 70 cikin ɗari na albashi har mako 104, kuma a bisa ƙa'ida ba zai sallami ma'aikaci ba cikin waɗannan shekaru biyu. A Jamus ana biyan cikakken albashi na mako 6, daga nan inshorar lafiya ta karɓa har zuwa jimillar mako 78 a kan ciwo ɗaya cikin shekaru uku. A Saudiyya ma'aikaci yana da kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 babu biya, kuma doka ta hana a sallame shi saboda ciwo kafin ya cinye waɗannan kwanaki. A Amurka dokar hutun jinya ta 1993 ta ba da mako 12 ne kawai, babu albashi, ga wanda ya shekara a wurin ya kuma yi aikin awa 1,250, a ma'aikatar da ke da mutum 50 ko fiye. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi kwanakin aiki 12 a shekara da biya, saura kuwa sai abin da kwantiragi ya ƙara.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Mutum ya ga kuɗin jinya ya ƙare sai ya ɗauka aikin ma ya ƙare. A Birtaniya, alal misali, kuɗin jinyar da doka ta wajabta yana tsayawa ne a mako 28, amma tsayawarsa ba ta kashe kwantiragi. Kana nan a matsayin ma'aikaci har sai an sallame ka ta hanyar da ta dace.

Kada ka yi shiru

Wannan shi ne inda masu gaskiya suka fi faɗuwa. Ciwo kan sa mutum ya ƙi ɗaga waya, ya ƙi buɗe saƙo, musamman ciwon da ya taɓa zuciya da tunani. To amma sallamar mai jinya tana da wahala, korar wanda "ya gudu daga aiki" kuwa abu ne mai sauƙi. Idan takardar likitanka ta ƙare ranar Juma'a, sabuwa ba ta iso ba sai bayan mako uku, ka ba su tazarar da za su kira fashin aiki.

Saboda haka ka riƙa sabunta takardar kafin ta ƙare, ka aika ta hanyar da ke barin shaida. Duk maganar da aka yi a waya, ka bi ta da gajeren saƙo a ranar: "Kamar yadda muka yi magana yau, na sanar da ku cewa likita ya ƙara mini mako huɗu, takardar na tafe." Idan ba ka iyawa, ka rubuta musu sau ɗaya cewa ka wakilta wane, matarka ko mijinki ko wani ɗan'uwa ko wakilin ƙungiya, kuma ta hannunsa za a riƙa tuntuɓarka. Kana da damar neman a taƙaita kiran, a ce sau ɗaya a mako biyu kuma a rubuce. Abin da bai dace ba shi ne ka ɓace ɓat.

Rahoton likita: nan ake cin shari'a, nan ake faɗuwa

Wurin aikin da ya san abin da yake yi ba zai sallame ka ba sai ya nemi ra'ayin likita. Wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1977, tsakanin ƙaramar hukumar East Lindsey da ma'aikacinta Daubney, ta kafa ƙa'idar da har yau ake komawa gare ta: a tuntuɓi ma'aikacin, a kuma yi ƙoƙarin sanin ainihin halin lafiyarsa kafin a yanke hukunci. Don haka za su nemi ko dai rahoto daga likitanka, ko su tura ka wurin nasu likitan.

Shawarata ita ce ka yarda, amma da idonka a buɗe. Mutane kan ƙi saboda tsoron tonon asiri, kuma tsoron yana da tushe. Sai dai idan ka ƙi, za su yanke hukunci a kan ɗan abin da suka sani, su kuma gaya wa alƙali sun nemi gaskiya ka hana su. Hanyar da ta fi ita ce ka iyakance yardar. Ka nemi a nuna maka tambayoyin da za a aika wa likita. Ka rubuta cewa ka amince da rahoto a kan wannan ciwon da yadda ya shafi aikinka, ba a kan dukan fayil ɗinka na asibiti tun yarinta ba. Ka nemi ganin rahoton kafin a miƙa shi. A Birtaniya wata doka ta 1988 ta ba da wannan dama idan likitan da ke duba ka ne zai rubuta, a wasu wuraren kuwa roƙo ne wanda da wuya a ƙi.

Kafin likitanka ya rubuta, ka zauna da shi ka bayyana masa aikin da kake yi a zahiri. Likita ya san ciwo, amma bai san ko kana wuni a tsaye ne ko a zaune ba, ko kana ɗaukar kaya, ko kana tuƙi, ko kana aikin dare. Rahoton da ya ce kawai "ba zai iya aiki ba a halin yanzu, ba a san ranar da zai warke ba" takardar sallama ce da likitanka ya rubuta ba da saninsa ba. Wanda zai taimake ka shi ne mai cewa wane magani ake yi, yaushe ake sa ran ganin sakamako, me kake iya yi yanzu, me ba ka iyawa, kuma wane sauƙi ne zai sa ka dawo da wuri. Kwanan wata, ko da na kirdado ne, ya fi "sai abin da hali ya yi". Ba ana cewa likita ya yi ƙarya ba. Ana cewa ya faɗi gaskiyar gaba ɗayanta, har da ɓangaren da ke nuna akwai hanyar dawowa.

Idan likitan kamfani ya gan ka na minti goma ya rubuta cewa ba za ka sake moruwa ba, alhali ƙwararren da ke kula da kai ya ce akasin haka, kada ka haɗiye. Rubuta cewa ba ka yarda ba, haɗa da rahoton ƙwararren, ka nemi a ji ra'ayin likita na uku kafin a yanke komai. Haka kuma idan rahoton da suke riƙe da shi ya tsufa da wata shida, an yi maka tiyata bayansa, ka ce a sabunta.

Kai ne za ka fara kawo shawarar yadda za ka dawo

Ciwo mai tsawo yakan shiga ƙarƙashin dokokin kare masu nakasa, ko da kai ba ka ɗauki kanka a haka ba. Wasu kan ji kalmar ta yi musu nauyi su ƙi ta, alhali nan ne kariyar da ta fi ƙarfi take. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, a sashe na 27, ta bukaci a yi wa ma'aikaci sassaucin da ya dace a wurin aiki, matuƙar bai zama nauyin da ya wuce kima ba. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 tana lissafa ciwon da ya yi tasiri sosai a rayuwar yau da kullum, ya kuma kai wata 12 ko ake ganin zai kai; kansa da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa tun ranar da aka gano su ake lissafa su. Dokar masu nakasa ta Amurka ta 1990 ta ɗora irin wannan nauyi na yin sassauci a kan ma'aikatar da ke da mutum 15 ko fiye. A Jamus, wanda ya yi jinyar da ta wuce mako 6 cikin shekara, dole mai wurin aiki ya gayyace shi zaman duba yadda za a mayar da shi bakin aiki. A Faransa, idan likitan wurin aiki ya ce mutum ba zai iya tsohon aikinsa ba, a bisa ƙa'ida sai an nema masa wani gurbin kafin a yi maganar sallama.

Kada ka jira su yi maka tunani. Rubuta shawarwarinka dalla-dalla: dawowa sannu a hankali, kamar rabin wuni na makonni kaɗan, cire aikin dare, aiki daga gida wasu ranaku, sauya kujera ko na'ura, ba ka ranakun zuwa asibiti, ko mayar da kai wani sashe mai sauƙi. Ga yadda za a iya tsara ta:

"Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata. Bayan gaisuwa, ina sanar da ku cewa burina shi ne in dawo bakin aikina. Bisa shawarar likita da na haɗa da wannan takarda, ina neman a ba ni damar fara rabin wuni na mako shida, ba tare da ɗaukar kaya mai nauyi ba, sannan a sake dubawa. Idan akwai abin da ba zai yiwu ba a ciki, ina roƙon a bayyana mini dalili a rubuce. Na gode."

Amfanin wannan takarda biyu ne. Wataƙila su yarda, ka tsira da aikinka. Idan sun ƙi ba tare da dalili ba, ka sami shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Kuma ka sani ana auna girman wurin: abin da za a yafe wa shago mai ma'aikata biyar, ba za a yafe wa banki mai rassa ɗari ba.

Ranar zama

Nemi a gaya maka a rubuce ko zaman zai iya ƙarewa da sallama, a kuma ba ka takardun da za su dogara da su tun kafin ranar. Kada ka je kai kaɗai. A Birtaniya doka ta ba da damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Inda doka ba ta faɗa ba, ka roƙa. Idan jiki ba zai bari ba, nemi a ɗage, ko a yi ta bidiyo, ko ka aika jawabinka a rubuce. Ɗagewa sau ɗaya ko biyu da takardar likita abu ne da ake fahimta. Ƙin zuwa sam zai sa a yi zaman a bayan idonka.

A wurin, tambayi abin da rashinka ya jawo a zahiri, wa ke riƙe da aikin, me ya hana a ɗauki na wucin gadi, waɗanne guraben aka duba maka. Wanda ya raka ka ya riƙa rubutawa. Kada tsoro ya sa ka yi alkawarin ranar dawowar da likita bai amince da ita ba, domin idan ranar ta zo ba ka dawo ba, da bakinka za su kama ka.

Kada ka ajiye aiki da kanka, kada ka sa hannu nan take

"Gara ka rubuta takardar ajiye aiki, ya fi mutunci a fayil ɗinka." Da taushin murya ake faɗin wannan, wani lokaci ma wanda ke faɗa da zuciya ɗaya yake yi. Amma wanda ya ajiye da kansa yakan rasa kuɗin notis, da kuɗin sallama, da damar kai ƙara, a wasu ƙasashen har da tallafin marasa aiki. A Jamus ana iya dakatar da wannan tallafi na mako 12 ga wanda ya raba gari da aikinsa da yardarsa. Idan sun kawo tayin kuɗi domin a rabu lafiya, ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne mafita ga wanda ya san ba zai iya komawa ba. Karɓi takardar, ka ce za ka yi shawara, ka kai wa lauya ko ƙungiya. A Birtaniya irin wannan yarjejeniya ba ta ma inganta sai ma'aikaci ya sami shawara daga mai zaman kansa. Kafin ka yarda, bincika ko fanshonka ko inshorar wurin aiki suna da tanadin ritaya saboda rashin lafiya, domin wasu tanade-tanaden sai kana cikin ma'aikata ake iya nemansu.

Idan takardar sallama ta iso

Rubuta ranar da ta shiga hannunka, ka adana ambulan ko saƙon. Idan da baki aka faɗa, nemi a rubuce tare da dalili. Duba dalilin da kyau: wasu kan kauce wa ambaton ciwo su ce "rage ma'aikata". In haka ne, tambayi su wa da wa aka rage, da wane ma'auni, kuma ko an saka kwanakin jinyarka cikin ma'aunin. Idan bayan wata guda aka tallata gurbinka, adana tallar.

Ɗaukaka ƙara a cikin gida idan ƙa'idarsu ta tanada, amma kada ka zauna jiran amsarsu har wa'adin kotu ya wuce. Wa'adin nan gajere ne fiye da yadda ake zato, kuma ba kasafai ciwo ke tsayar da shi ba. A Jamus mako 3 ne daga ranar karɓar takarda. A Afirka ta Kudu kwana 30 ne a kai maganar gaban hukumar sasanci ta CCMA. A Amurka ƙorafin nuna bambanci yana da kwana 180 a gaban hukumar EEOC mai kula da daidaito wajen ɗaukar aiki, a wasu jihohin 300. A Faransa wata 12. A Birtaniya sai an fara bi ta hukumar sasanci ta ACAS kafin a isa kotun ma'aikata. Ranar da takarda ta iso, ranar za ka tambayi lauya ko ofishin ƙwadago nawa ne naka wa'adin.

Sannan ka yi lissafin abin da kake bi: albashin da ya rage, kuɗin notis, garatuti ko kuɗin sallama, kuɗin fanshon da aka cire ba a zuba ba, da hutun shekara da ba ka ci ba. Wannan na ƙarshen ana yawan manta shi. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2009 cewa hutun shekara yana ci gaba da taruwa ko mutum yana kwance jinya. Idan kuwa aikin ne ya jawo ciwon, ko a bakin aiki ka ji raunin, wannan wata ƙara ce daban ta neman diyya, da nata wa'adin da nata ofishin, kuma sallama ba ta shafe ta. Ka tabbata takardar da za ka sa wa hannu wajen karɓar kuɗin ƙarshe ba ta ƙunshi layin da ke cewa ka yafe duk wani haƙƙi ba. In akwai shi, rubuta kusa da sa hannunka cewa ka karɓi kuɗin ne kawai, ba ka yafe komai ba, ko ka ƙi sa hannu sai lauya ya gani. Nemi kuma takardar shaidar aiki mai ɗauke da muƙaminka da shekarun da ka yi, ba tare da an ambaci ciwonka a ciki ba.